Abin da na koya a aikin tuƙa tsofaffi na shirin PACE

Tunda 'yan uwa da yawa a nan Bronx ta birnin New York suna ta tambayata ko su nemi aikin da na bari, gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, wanda ya ga zai iya bismillah.

Ku da kuke aikin kula da tsofaffi a gida kun san PACE ba sai na ja zance ba. Mutum daga shekara 55 wanda jiha ta tabbatar lalurarsa ta kai a ajiye shi gidan jinya amma zai iya zaman gidansa in an tallafa masa, Medicare da Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati, su biya wani ƙayyadadden kuɗi a kansa duk wata, ita kuma cibiya ta ɗauki komai, likita, magani, mai zuwa gida yi masa wanka, mota, har kuɗin asibiti in ya kwanta. Wata ƙungiya mai suna On Lok ce ta faro shi a unguwar 'yan China ta San Francisco farkon shekarun 1970, a 1997 majalisar Amurka ta mai da shi na dindindin. Tsarin kansa yana da kyau, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Na ga an yi wa tsohuwa gadar hawa keken guragu a ƙofar gida ba ta biya ko sisi ba.

Abin da ya ja ni ma shi ne dokar tarayya ta lissafa mutum 11 da za su zauna kan maganar kowane tsoho, likita da nas da masu gashin ƙashi da mai tsara abinci da sauransu, kuma direba yana ciki, shi ko wakilinsa. Dalili a fili yake ai. Likita a ofis yake ganin tsoho bayan an wanke shi an shirya shi, ni kuwa ni nake buga ƙofa da safe, ni nake ganin wanda ya kwana da kayan jiya a jiki, wanda gidansa ya fara zarni, wanda da can yake jirana a bakin ƙofa yanzu sai na daɗe ina ƙwanƙwasawa.

To manajar cibiyarmu ba ta ɗauki wannan da wata daraja ba. A mitin ɗin safe in direba ya buɗe baki sai ta duba agogo. Daga baya ma ta ce mu daina shiga, ita ce wakiliyarmu, wai motoci suna makara.

Akwai wani dattijo mai ciwon sukari, mutumin kirki wallahi, kullum sai ya tambaye ni yara. Na lura ya fara tangaɗi in zai hau mota, kuma 'yarsa ta tare ni ta ce don Allah a ƙara musu awannin mai kula da yamma saboda ita aikin dare take yi, shi kaɗai yake tashi banɗaki. Kun san ƙa'idar, in tsoho ko iyalinsa suka nemi wani abu dole a kai wa tawagar mutum 11 ɗin nan, su yanke cikin kwana 3, in sun hana su hana a rubuce su kuma gaya masa yana da damar ɗaukaka ƙara. Ranar na kai wa manajar maganar a gaban wani abokin aikina, ta ce ta ji, kai dai je ka ji da motarka. Ba a rubuta ba, ba a zauna a kai ba, 'yar tana ta jiran amsa. Cikin dare ya faɗi a banɗaki ƙashin ƙugu ya karye, daga asibiti sai gidan jinya, bai sake komawa ɗakinsa ba.

Da aka zo bincike matar nan ta dube ni ido cikin ido ta ce ban taɓa gaya mata komai ba. Shi wanda ya ji kuma ya ce shi fa yana da iyali, kada in sa shi a ciki. Ni aka ba takardar gargaɗi, ni da na kawo maganar. Kuma abin haushin, kuɗin tiyata da na gidan jinya duk daga aljihun cibiyar suka fita, sun ninka 'yan awannin da aka ƙi bayarwa ban san sau nawa ba. Shi wannan kuɗi na wata-wata haka yake, a hannun mai hankali yana sa a yi rigakafi tun da wuri, a hannun mai son a yabe ta kan tsimi kuwa awannin mai kula ne farkon abin da ake datsewa.

Saboda haka duk abin da ka gani ko aka gaya maka, tura shi ta imel da kwanan wata, ka sa nas a ciki, ko da ogar ta ce ba sai ka rubuta ba, musamman ma in ta ce hakan.

Sauran ƙananan ne. Ɗaure keken guragu da hannunka ta kusurwa huɗu, kada ka yarda wani ya ce ya riga ya ɗaure. Kada ka karɓi kuɗi daga tsoho ko dala ɗaya ce, gobe zai manta ya ce an sace. Yi zumunci da masu zuwa gida, yawancinsu matanmu ne na Ghana da Gini da Najeriya, sun fi fayil sanin halin da ake ciki. Maganar sallar Juma'a kuma a gama ta tun ranar ɗaukar aiki.

Tsofaffina babu wanda ya taɓa jin ciwo a motata, wannan yana rubuce. Takardar gargaɗin ma tana nan a fayil ɗina, na nemi a cire an ce sai manajar ta sa hannu, ita kuma na ji an ƙara mata girma, yanzu cibiya biyu take riƙe da su.