Ranar da Baba mai ganga ya ce bes ɗina ya cika surutu

Shekara goma sha ɗaya kenan ina kaɗa jitar bes, waccan mai tsirkiya huɗu masu kauri wadda mutane ba sa lura da ita sai ranar da aka yi kiɗa babu ita. A Kaduna na fara, cikin wata ƙungiya da ake ɗaukarmu bukukuwan aure da dina, kuma gaskiya ba don ina sonta na ɗauka ba, mai kaɗa ta ne ya samu aiki ya bar gari, ni kuma ina ɗan taɓa ƙaramar jita, sai aka miƙo min aka ce ai duk ɗaya ne. Wallahi ba ɗaya ba ne. Wata shida na farko abin da nake yi kawai in leƙa hannun hagun mai fiyano in ga inda ya danna in bi shi, ya tashi in tashi ya sauka in sauka, babu komai nawa a ciki.

Wanda ya fara tada min hankali Larry Graham ne, ɗan Amurka, na ga bidiyonsa a YouTube yana marin tsirkiya da babban yatsa yana fincikar wata da manuniya, bes ɗin yana ƙara kamar ganga. Shi ake danganta wa wannan salon da ake cewa silaf, kuma dalilin da ya sa ya ƙirƙiro shi, yana matashi yana kiɗa tare da mahaifiyarsa ba su da mai ganga, sai marin ya maye gurbin babbar gangar ƙafa, fincikar kuma ta maye gurbin ƙaramar ganga. Na ji wannan labarin amma ban tsaya na yi tunani a kai ba, sautin kawai ya tafi da ni. Kusan shekara guda ba na komai sai silaf, gefen babban yatsana har ya yi kanta, kuma duk waƙar da aka ɗauko sai na cusa shi ko ya dace ko bai dace ba.

Wata dina aka yi, ango da amarya za su shigo, waƙa ce mai sanyi a hankali, ni kuwa na zuba mari da finciko tun daga farko har ƙarshe ina jin na burge. Muna naɗe wayoyi bayan an tashi sai mai gangarmu ya kira ni, dattijo ne da ya yi kiɗa a otal-otal tun ba a haife ni ba, Baba muke ce masa. Ya ce, "Yaro, kiɗa muke yi tare ko gardama kake yi da ni? Bes ɗinka ya cika surutu. Duk inda na bar wa mai waƙa ya numfasa sai ka toshe." Na ce, "Baba ai salo ne." Ya ce shi wanda ya kawo salon ba shi da mai ganga, kai kana da ni. Abin ya yi min zafi sosai, kwana biyu ban je firaktis ba. Amma wani ya ɗauki bidiyon dinar a waya, da na sa iyafis na saurara sai na ji abin da Baba ya ji, muryar mai waƙa tana ta neman hanya ni kuma na tare ko'ina.

Da na koma bai ƙara tada maganar ba, memori kawai ya ba ni cike da rege na Jamaika, ya ce kar in taɓa jita sai na yi sati ina saurare, kuma in bar waƙar in bi bes kaɗai. Nan na san Aston Barrett, mai bes ɗin Bob Marley, wanda ɗan'uwansa Carlton ke kan ganga. A kiɗansu sau da yawa bugun farko fayau yake, gangar sai a na uku take faɗuwa, shi kuma bes ɗin ya faɗi 'yar maganarsa ya yi shiru, ya bar wurin haka nan, shirun nan kuwa shi ke sa kai ya riƙa kaɗawa. Sai na sa wa kaina doka, in kunna metironom, wato abin da ke ƙirga bugu daidai da daidai, a waya a kan bugu 70 a minti, in zaɓi sauti uku kacal, in yi minti goma ban ƙara ko ɗaya ba. Da wuya fa, hannu yana ƙaiƙayi yana so ya gudu. A nan na gane ashe ban taɓa kula da inda nake kashe sauti ba, inda nake fara shi kawai na sani. Sauti ɗaya in ka bar shi ya ja daban, in ka datse shi da tafin hannu daban, har rawar mutane canzawa take yi.

Bayan haka na ɗauka maganin kawai a rage kaɗawa ne, har sai da na ci karo da James Jamerson, mai bes na kamfanin waƙoƙi na Motown a birnin Detroit na Amurka, wanda ya rasu a 1983. Wannan mutumin yana kaɗa sauti da yawa, yana yawo sama da ƙasa, amma ko kaɗan ba ya takura mai waƙa, kuma wai duk da yatsa ɗaya na hannun dama yake yi, a kan jitar bes ƙirar Fender Precision mai tsofaffin tsirkiyoyi da ba ya son canzawa. Na rage gudun bidiyo zuwa rabi na zauna ina kwashe kiɗansa da kunne gaɓa-gaɓa, waƙa ɗaya sai da ta ci min sati uku. Na cusa ɗan soso a ƙarƙashin tsirkiyoyi ta can gindi don sautin ya gajarce ya yi kauri irin nasa. Abin da na samo wurinsa shi ne yana motsi ne lokacin da mai waƙa ya ja numfashi, da murya ta dawo sai ya koma ya zauna, amsa yake ba ta kamar 'yan amshi. Da kuma waɗannan matattun sautukan, ka ɗora yatsun hagu a kan tsirkiya ba tare da ka danna ba ka kaɗa, ta ce "tuk" kawai, su ne suke ba kiɗa tafiya.

To amma abin da ya fi canza ni ba daga waje ya zo ba. Bikin wani abokina muka je Zariya, gidan mahauta ne, aka kawo masu kalangu. Na sha jin kalangu tun ina yaro, amma ranar ne na fara jin sa da kunnen mai bes. Ina kallon makaɗin yana matse tsirkiyoyin da hammata yana sakewa, sauti ɗaya ya buga amma sai ya lanƙwasa ya hau ya sauko, yana kaɗa taken wani sai mutumin ya miƙe tun ba a ambaci sunansa ba, saboda gangar magana take yi da hawa da saukar Hausa. Jikina ya yi sanyi. Na ce ni da nake ta bin mutanen Detroit da Kingston ta Jamaika, ga abu a ƙofar gida ban taɓa gwada shi a hannuna ba. Na dawo na tattaro waƙoƙin Mamman Shata, ba don waƙar ba, don in ji yadda kalangai suke riƙe shi, da na Ɗan Maraya Jos yadda kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak yake cika wuri.

Matsalar ita ce ƙarafunan da ke jere a wuyan jita ba sa barin sauti ya lanƙwasa, daga wannan sai wancan, babu tsakiya. A nan labarin Jaco Pastorius ya yi min amfani, wanda ya shiga ƙungiyar Weather Report a 1976, shi ya cire ƙarafunan bes ɗinsa ƙirar Fender Jazz ya cike gurbin ya shafe wuyan, sautinsa ya koma kamar muryar mutum. Ina da wata tsohuwar bes mai araha, na ɗauko filaya na fara cirewa da kaina, na biyu na ɓantaro katako, dole na kai wa wani kafinta a unguwarmu ya ƙarasa a hankali, ya cike layukan da siraran katako ya goge da samfefa. In za ka gwada don Allah kar ka fara da jitar da kake cin abinci da ita.

Watannin farko sai haƙuri, domin yanzu babu abin da zai gyara maka, yatsa ya kauce kaɗan sauti ya karkace kowa ya ji. Abin da ya taimake ni, in an ɗauke wuta da dare sai in zauna a duhu ba amfilifaya, in manna haɓata a jikin jitar don in ji, in kaɗa tsirkiya ɗaya a sake tana ta ƙugi in riƙa neman sauran sautukan a ta kusa da ita har su daidaita. Ido ba ya aiki, kunne ne kawai. Daga nan na fara wani abu da har yau nake yi kullum, in faɗi magana da baki sannan in kaɗa ta. Ɗauki "sannu da zuwa", ƙasa sama ƙasa sama ƙasa, gaɓa biyar, ka kaɗa ta yadda ka faɗe ta da tsawonta da gajartarta, ka ga ka samu layin bes da ba ka kwaso daga wurin kowa ba. Na yi da karin magana, na yi da kirari, na yi da kiran masu talla. Richard Bona ɗan Kamaru, wanda shi ma jin Jaco ne ya karkato da shi ga bes, yana rera abin da yake kaɗawa a lokaci guda, ganinsa ya ƙara min ƙarfin gwiwa cewa baki ya kamata ya riga yatsa.

Ban yar da silaf ba fa, yana nan, in an zo wurin cashewa Baba da kansa yake ɗaga min gira in saki hannu. Abin da ke damuna kawai, yawancin situdiyon da nake shiga a fiyano ake danna bes a wuce wurin, in ka ce a bari ka kaɗa da hannu sai a ce babu lokaci, kuma ina ganin waƙoƙinmu suna asarar wani abu a nan, don fiyano ba ya lanƙwasa sauti yadda harshenmu yake yi.

Kwanakin baya a wata dina, uwar amarya za ta shigo fili, Baba ya rage ganga ya kalle ni, sai na kaɗa sunanta da "sannu da zuwa" a kan mara ƙarafunan nan, sau biyu, na yi shiru. Wata tsohuwa a gefe ta rangaɗa guɗa ta ce kun ji jitar nan tana kiran Hajiya. Baba bai ce komai ba, da muka tashi dai shi ya ɗaukar min jakar jita har mota. Yanzu kiɗan bikutsi na mutanen Kamaru nake fama da shi, mai bugu shida ɗin nan, har yanzu a rabin gudu nake bin sa kuma hannun dama yana ɓace min in an kai tsakiya, gobe da yamma akwai firaktis zan sa Baba ya riƙe min gangar mu sake gwadawa.