Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Yadda ruwan auduga ke kafewa

'Yan uwa masu karatu, makon jiya mun tsaya a kan audugar da ake gurzawa a birnin Garwa na ƙasar Kamaru. Yau ɗakin gwaji za mu shiga, mu ga yadda ake sa ruwan da ke ɗauke da ƙananan ɓurɓushin auduga ya kafe, wato ya yi kauri ya daina zuba, sai a yi haƙuri da lissafi.

Kusan duk zaren auduga selulos ne, wato sinadarin da ke gina jikin tsirrai. Ana zuba shi cikin asid na salfa mai ƙarfin kashi 64 cikin ɗari, a zafin digiri 45, na kimanin minti 45. Asid ɗin yana cinye sassa masu laushi, ya bar 'yan sanduna masu tsawon nanomita 100 zuwa 300 (nanomita miliyan ɗaya ne ke yin milimita guda). A watan Afrilu, da ɗakin kansa ke haura digiri 40, dole a sa ido, domin in zafi ya wuce kima audugar baƙi take yi. Daga nan a kwara ruwan sanyi ninki goma, a yi ta wankewa har tsamin ya fita.

Asid ɗin yana bar wa kowace sanda cajin lantarki iri ɗaya, shi ya sa suke ture juna, ruwan ya zauna tsararo. In sandunan sun kai kashi 3 cikin ɗari na ruwan, yana zuba salin-alin.

To, a nan polima ke shigowa, wato sinadari mai dogon silili. Irin su HEC (wani selulos da aka sarrafa don ya narke a ruwa) da garin waken guwa da aka sarrafa suna manne wa jikin sandunan. Kowace sanda ta yi kauri, wuri ya yi musu kaɗan, su cushe, juyawa ma ta gagara. Kashi 0.2 cikin ɗari kacal na polimar ya isa: ka kifa kwalba, abin ya tsaya kamar kokon da ya kwana. Dekstiran kuwa, wata polima ta sukari, ba ya mannewa, don haka a wannan ma'auni ba ya kafar da komai. Shi kuma kitosan, na ɓawon jatan lande, cajinsa kishiyar na sandunan ne, yana fizgo su da ƙarfi, sai a samu gudaji maimakon kafi mai santsi.

Abin da ya fi ɓata aiki a wajenmu ruwa ne. Gishirin da ke cikin ruwan rijiya, musamman kalsiyam, yana danne cajin nan, sandunan su dunƙule tun ba a zuba polima ba. Tataccen ruwa kawai ake amfani da shi, har wajen ɗauraye kwalba. A kuma narkar da polimar daban, ta kwana, kafin a haɗa a hankali ana motsawa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu taɓa ƙaron Chadi.