Kwana Huɗu a Suwal

Gajiyar hanya ba ta sake ni ba tukuna, amma gara in rubuta abin da na gani tun yana sabo. Taron masu bincike da na'urar NMR (mai amfani da ƙarfin maganaɗisu wajen gano siffar sinadarai) ne ya kai ni Saudiyya, wato masu nazarin furotin da tantanin da ke lulluɓe ƙwayar halitta, kuma an yi shi a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullah da ke Suwal, kimanin kilomita 80 arewa da Jidda.

Shigata ƙasar ba ta yi daɗi ba, domin wani jami'in binciken kaya ya ɗaga 'yan kwalaben samfurina yana daka mini tsawa, ya tsayar da ni kusan awa guda bai ko dubi takardar gayyata ba. Wanda ya wanke mini zuciya shi ne direban da ya ɗauke ni, dattijo Bahaushe haifaffen Jidda, wanda kakansa ya zo aikin Hajji a ƙafa ta Sudan. Da ya ji daga Kano nake, sai ya ce, “Ɗana, ba za ka wuce ba ka ci tuwon gidana ba.” Na ce, “Baba, ai na gode.” Haka aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka, kuma ya rantse ba zai karɓi ko riyal ɗaya ba.

A rana ta biyu aka shigar da mu ɗakin babban maganaɗisu, bayan an karɓe agogo da makullai da katin banki a bakin ƙofa. Tulu ne na ƙarfe da ya fi mutum tsawo nesa ba kusa ba, ruwan hiliyam na sanyaya cikinsa zuwa digiri 269 ƙasa da sifili. Wata matashiya ta ɗora mini a tafin hannu ɗan bututun da ake zuba samfur, kaurinsa milimita 1.3, kamar ƙwayar shinkafa, ta ce yana juyawa kusan sau 60,000 a daƙiƙa ɗaya, a karkace bisa kusurwar digiri 54.7. Furotin ɗin tantani ba ya narkewa a ruwa, shi ya sa hanyar auna furotin narkakke a ruwa, wadda ta sa masanin kimiyya Kurt Wüthrich ya sami kyautar Nobel a 2002, take wahalar aiki a kansa, sai an bi ta wannan juyin. Ina tsaye ina tuna ɗakin bincikenmu, inda rashin wuta na yini ɗaya yake lalata aikin wata uku a firji, har idona ya ciko.

Abin da ya fi mini amfani shi ne zaman ƙarshe, da aka tattauna yadda masu manyan na'urori za su riƙa ba marasa su lokacin awo. Na miƙe na ce mu ba jawabi muke nema ba, a karɓi samfuranmu, a kuma horar da ɗalibanmu. Wani farfesa ya amshi kwalabena uku nan take.

Kayan masarufi akwai tsada idan ka auna da naira, amma ba a yi maka farashi biyu, kuma motoci na tsayawa mai ƙafa ya tsallaka a harabar jami'ar, abin da ban saba gani a titunanmu ba.

Daga nan na yi Umra, na hau jirgin ƙasa na Haramaini zuwa Madina, na kwana biyu, na dawo gida. Sakamakon awon kwalabena nake jira a wata mai zuwa.