Baba Soja, mai ƙirga mu kullum dare

Yau shekara uku kenan da rasuwar kakanmu, wanda duk unguwa ke kira Baba Soja, ni dai sai da na yi wayo sosai kafin na san yana da wani suna bayan wannan. Shekarunsa sun kusa ɗari, shi kansa lissafin da yake yi da yaƙin Hitila yake yi, wai lokacin gemu bai gama fito mai ba.

Yana saurayi aka ɗebe su daga ƙauye aka kai su Zariya horo, daga nan jirgin ƙasa zuwa Ikko, sai jirgin ruwa sati da sati har Indiya a 1943, mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce gulbin garinsu ba fa. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma aka saka shi, su ne suka shiga kwarin kogin Kaladan a ƙasar Bama, wato Myanmar ta yanzu, a 1944 suna fafatawa da Japan. Abin da ya daɗe yana bani mamaki, shi ba bindiga ya fi riƙewa ba, kaya yake ɗauka a ka, harsashi da abinci da wanda aka harba, don dajin babu hanyar mota, abinci ma daga jirgin sama ake sako musu da laima. Ga ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, ga matsattsaku, ga zazzaɓin sauro. Yace da Hausa ake ba da umarni a bataliyarsu, har Turawan hafsoshi sai da suka koya, in yana kwaikwayon Hausarsu sai mu yi ta dariya shi ma yana yi.

Sai da na girma na je Legas na gane sunayen barikoki irin su Dodan da Arakan da Myohaung duk daga can Bama suke, haka barikin Chindit na Zariya ma daga yaƙin nan sunan ya samo. Muna wucewa ta gabansu kullum, kuma wlh yawancinmu ba mu san jinin kakanninmu ne a bayan sunayen ba, wannan abu yana min ciwo.

A 1946 ya dawo gida da akwatin ƙarfe da lambobinsa a ciki, ya yi aure, ya koma gona, da rani yana gadi. Maganar haƙƙinsa kuwa ya yi zirga-zirga har ya gaji ya bar wa Allah, ban taɓa jin ya zagi kowa a kai ba. Duk 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, sai ya sa a goge mai lambobin da toka da lemun tsami ya maƙala a babbar riga ya zauna ƙofar gida.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ƙirga. Kullum bayan isha'i sai ya tsaya a bakin zaure da sandarsa ya ƙirga mu ɗaya bayan ɗaya, 'ya'ya da jikoki da almajiran da ke kwana a soro, kowa sai ya amsa sunansa kuma sai an tambaye shi ya ci tuwo. In mutum ɗaya bai shigo ba Baba ba zai kwanta ba ko da ƙarfe goma sha biyu ne, zai zauna kan buzu da fitila yana jira. Muna samari haushi muke ji, muna cewa gidan nan kamar bariki. Wata rana na ce, Baba don Allah wannan ƙirga ta mece ce, sai ya yi shiru can ya ce, ɗan nan, a daji kullum yamma ana ƙirga mu, kuma ba kullum adadin safe ke cika ba. Bai ƙara komai ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Daren da muka kai shi makwancinsa, gida cike da 'yan gaisuwa, bayan isha'i sai na ga babanmu, shi ma da furfurarsa, ya ɗauki sandar ya tsaya bakin zaure ya fara kiran suna, muryarsa na rawa, muna amsawa.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya jiƙan abokansa da suka kwanta a dajin Bama.