Abin da na gani bayan na sassaƙa katakon da hannuna

Hoton igiyar ruwan nan ta Kanagawa, bugun katako na ƙasar Japan wanda ya fito wajen 1831, da sunan mai zane Hokusai duniya ta san shi, amma ba hannunsa kaɗai ya yi shi ba. Shi zane ya yi. Wani ya sassaƙa katako, wani ya buga a takarda, sannan ga mai shago, Nishimuraya Yohachi, da ya zuba kuɗi ya sayar. Littattafai sun faɗi haka, sai dai ban san nauyin maganar ba sai da na zauna a wani ɗakin koyo a Kyoto aka miƙo mini wuƙa.

Da farko za ka zana a siririyar takarda, ka manna ta a kife a kan katako, ka yi ta murza bayanta da yatsa har layukan su bayyana. Daga nan wuƙa za ta bi gefen kowane layi, a ƙwaƙule sauran. Ka ga ke nan zanen asali ya tafi tare da ɓawon katako, abin da ya rage aikin masassaƙi ne. Masu sana'ar zamanin Edo, wato Japan ta wancan lokaci, icen ceri na daji suke amfani da shi saboda taurinsa. Mu 'yan koyo an ba mu katakon shina mai laushi, duk da haka sai da kafaɗa ta yi tsami.

Kowane launi da nasa katakon. Abin da ke sa launuka su sauka daidai kan juna wasu 'yan tsaga biyu ne a gefe, ɗaya a kusurwa ɗaya a miƙe, ana ce musu kento. A nan takarda take zama duk lokacin da aka ɗora ta. Da wannan dabara aka soma fitar da hotuna masu launuka da yawa a 1765, zamanin mai zane Suzuki Harunobu.

Amma bugawar ita ta fi kama zuciyata, domin duk sirrinta laima ne. Takardar washi, wadda ake yi da ɓawon itacen kozo, sai ta kwana cikin danshi. Launin na ruwa ne, ba mai a cikinsa. Za ka ɗiga shi a katako, ka ƙara ɗan kunun shinkafa, ka baje da burushi, ka ɗora takarda, sannan ka goga bayanta da baren, wani faifai mai cika tafin hannu da aka lulluɓe da ɓawon gora. Ruwa ya yi yawa, launi ya malale. Ya yi kaɗan, hoto ya fito da ɗigo-ɗigo. Malamarmu ba ta da ma'auni, bayan hannu kawai take ɗorawa a kan takarda ta ce a jira ko a buga. Sai ta tuna mini da masu rini a Ƙofar Mata, waɗanda da ido suke gane baba ya nuna.

Akwai kuma bokashi, inda launi ke farawa da duhu yana washewa a hankali, irin sararin samaniyar hotunan da mai zane Hiroshige ya yi na babbar hanyar Tokaido. Da jiƙaƙƙen tsumma ake share katakon, a sa launi a gefe guda, kuma sai an sake yin haka a kan kowace takarda. In ka tuna cewa a birnin Edo, wato Tokyo ta yau, hoto guda bai wuce kuɗin kwano ɗaya ko biyu na taliyar soba ba, dole ka jinjina wa wanda ya wuni a durƙushe yana wannan aiki, sau da yawa ba tare da sunansa ya hau takardar ba.

Tun daga nan na sauya irin littattafan da nake saye. Ina neman wanda ya nuna hoto mataki-mataki, launi bayan launi, ko wanda ya jera bugun farko da na baya na hoto guda, domin katako yana cinyewa, siraran layuka su kakkarye. In kuma ka samu damar riƙe bugun hannu na gaske, juya bayansa: za ka ga launin ya ratsa takardar, ga sawun baren a zazzagaye.