Na nemi Kano, aka kawo mini mawaƙin Landan

Gardama ce ta kai ni rumbun jaridar Guardian ta Birtaniya. Wani abokina, malamin sakandare, ya kafe a kan cewa jaridun Turawa ba sa tunawa da Arewa sai an zubar da jini. Na ce, "Malam, mu bar musun baki, bari in ƙirga maka."

Ƙirgar ba ta hannu ba ce. Tun watan Maris na 2009 jaridar ta buɗe wa masu rubuta manhaja wata ƙofa ta ɗauko labarai kai tsaye daga rumbunta, irin wadda 'yan sana'armu ke kira API, a tsarin da ta sa wa suna Open Platform. Ba ita ce ta fara ba, gidan rediyon NPR na Amurka da jaridar New York Times sun riga ta a 2008. Na zaɓe ta ne don tana ba da cikakken labari, daga 1999 zuwa yau, alhali New York Times kanu da ɗan taƙaitawa take bayarwa, sai adireshin da zai kai ka shafinta.

Na cika fom, makulli, wato lambar shiga ƙofar, ya iso ta imel, kyauta tunda ba kasuwanci zan yi da shi ba. Da daddare, bayan an kawo wuta, na rubuta 'yan layuka da harshen rubuta manhaja na Python, na sa kalma ɗaya: Kano.

Labarai suka yi ta zubowa, ni kuwa har da gyara zama. Sai da na buɗe na duba na ga ɓarnar. Ashe akwai wani mawaƙin gambara a Landan da ake kira Kano, kuma jaridar ta sha yin rubutu a kansa. Ga labarin Sarki, ga sharhin sabon faifai, duk a kwando ɗaya. Nijar ta fi muni, domin a Turanci sunan ƙasar da na kogin Kwara da Jihar Neja da yankin Neja Delta duk rubutu ɗaya ne. Kwana biyu na ɓata ina tsince tsakuwa daga shinkafa.

Mafita tana gabana tun farko, gaggawa ce ta hana ni karanta bayanin amfani. Kowane labari yana ɗauke da lambobin rabe-rabe da editoci suka maƙala masa: wannan na Najeriya ne, wannan na kiɗa, wannan na Boko Haram. Da na koma nema da su, shara ta ragu ƙwarai. A nan na gane cewa ba rubutun ne babbar kyautar ba, wannan tsarin ne, aikin mutanen da suka shekara suna jera kaya a inda ya dace.

Akwai kuma ƙa'ida. An iyakance yawan buƙatun da za ka aika a rana, na kuwa cinye rabona tun kafin azahar saboda ban adana abin da na riga na sauke ba. Labaran ma aro ne, haƙƙin mallaka na nan a hannun masu shi.

Sakamakon? Shekarar 2014 ta yi tsiri a jadawalin, bayan sace 'yan matan Chibok a watan Afrilu. Malam ya ci fiye da rabin gardamar, ko da yake na nuna masa labaran Kannywood da na rigakafin shan inna, ya karɓa da ƙyar.

Ya daɗe yana kallon jadawalin a wayata, sannan ya ce, "To, yi mana irin wannan da Gaskiya Ta Fi Kwabo, tun daga 1939."

Na ce masa wannan kam sai mun shiga mota zuwa Kaduna, mu buɗe tsofaffin takardu shafi-shafi, kuma shi zai biya kuɗin mota.