Yadda na kama haya kusa da tashar jirgin Agege

Da jirgin ƙasan Red Line na Legas ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2024, tsakanin Agbado da Oyingbo, sai na ga lokaci ya yi da zan dawo Agege da iyali. Shagona yana Oyingbo, gosulon danfo (motocin bas na haya) kuma ya ishe ni. Ga Agege unguwar Hausawa ce tun kaka da kakanni, masallaci da makarantar allo ba sa yi wa yara nisa.

Dillalin farko da na samu cewa ya yi, “Alhaji, gidan nan daf da tasha yake.” Muka hau Keke Napep, muka sauka, muka kuma taka. Tun daga nan na daina yarda da “daf”. Duk gidan da aka nuna min, da ƙafata nake auna nisansa zuwa tasha, da sassafe, lokacin da zan riƙa fita. In sai an hau keke kullum, kuɗin keken ma haya ne, a wata ake lissafa shi.

Inda aka fi cin mutum shi ne kuɗin da ke bin haya. A Legas shekara guda ake biya gaba ɗaya. Sai la'adar dillali, yawanci kashi 10 cikin 100, sai kuɗin lauya na rubuta yarjejeniya, shi ma kamar haka, sai kuɗin ajiya na ɓarna da ake cewa za a mayar ranar tashi (Allah Ya sa). Wato in an ce maka ciki da falo naira miliyan 1, tanadi abin da ya haura miliyan 1 da dubu 200 kafin a miƙa maka makulli. Wani mai gida ya nemi shekara biyu. Na tuna masa dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana karɓar fiye da shekara guda daga sabon ɗan haya, ya yi dariya, ya ce akwai masu jira. Na bar masa gidansa.

Agbado da Iju, inda jirgin ke tsayawa su ma, sun fi sauƙin haya, na kuma leƙa. Sai dai jirgin ba kowace sa'a yake tashi ba, ranar da ya wuce ka za ka gane nisan Agbado a mota.

Kafin na biya, na tambayi maƙwabta, ba dillali ba: ruwa na shiga tsakar gida da damina? Mitar wuta ta kati ce, ko ta haɗaka da ake rigima a kanta duk ƙarshen wata? Wa ke biyan kuɗin burtsatse da na shara? Wata dattijuwa Bayerabiya ta nuna min shatin ambaliya a jikin katangar wani gida da na so, ya kusa gwiwa.

Wanda na kama a ƙarshe ya fi sauran tsada kaɗan, amma mitarsa daban, tasha kuma tafiyar ƙafa ce. Kuɗin a asusun mai gidan na zuba, bayan na gan shi ido da ido, aka ba ni rasit mai sunansa.